Kakin mota: abin da ya kamata ku sani kafin ku gwada sabo a yanayin N'Djamena

Kakin mota wani mai ne, mai kauri ko mai ruwa-ruwa, da ake shafa wa jikin mota bayan an wanke ta, a bar shi ya sha iska, sannan a goge. Abin da ke saura a kan fenti lulluɓi ne siriri ƙwarai wanda ido ba ya gani. Shi ne ke hana ruwa kwanciya, ya rage wa datti kama jiki, ya kuma ƙara wa launi sheƙi. Da Faransanci ana rubuta cire a jikin gwangwaninsa, da Turanci kuma wax. A wuraren wankin mota kuwa, yawanci duk abin da ke sa mota ƙyalli folish ake ce masa, kuma daga nan ruɗani yake farawa, domin kaki daban, folish daban.

Wannan bayani ya ɗauki unguwar Boutalbagar, a gunduma ta 7 ta birnin N'Djamena, a matsayin misali. Sunan unguwar daga Larabcin Chadi ya fito, ma'anarsa kududdufin shanu, kuma ya dace da ƙasar wurin: laka ce da ke riƙe ruwa da damina, ta koma ƙura da rani. Layuka da dama na cikin unguwa ba su da kwalta, motoci da yawa kuma a fili suke kwana. Wanda ke Diffa, Damagaram, Maraɗi, Maiduguri ko Kano zai ga kusan duk abin da aka faɗa ya shafe shi, tun da rana ɗaya ce ke dukan motocin, hazo ɗaya ne kuma ke sauka a kansu.

Yadda fentin mota yake

Kafin a san amfanin kaki, sai an san abin da ake shafa shi a kai. Fentin yawancin motocin da aka ƙera daga shekarun 1980 zuwa yau hawa-hawa ne. A ƙasa akwai maganin tsatsa da ke manne da ƙarfe, sai shafin share fage, sai launi, sannan a sama a rufe da wani hawa mara launi, garai-garai, wanda masu fenti ke kira vernis. Duka-duka kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 1000 na milimita, ke nan fentin gaba ɗaya bai fi kaurin takardar rubutu da yawa ba. Vernis kaɗai yana tsakanin maikiron 35 zuwa 50.

A cikin vernis ne ake zuba sinadaran da ke tare hasken rana mai ƙuna, wanda ake kira UV. Idan ya sirance ko ya ƙone, sai a ga rufin mota da bonet sun fara yin fari-fari, daga baya su riƙa ɓarewa kamar saɓar maciji. In abin ya kai nan, babu kaki ko folish da zai dawo da shi, sai sabon fenti.

Akwai kuma motocin da ba su da vernis, launin da sheƙin a haɗe suke cikin hawa ɗaya. Haka tsofaffin motoci suke, da wasu fararen motocin aiki irin su a-kori-kura, da motoci da yawa da aka sake wa fenti a gareji. Irin wannan fenti idan rana ta ci shi sai ya yi gari kamar alli, ya riƙa biyo hannu. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a ɗiga folish kaɗan a tsumma, a murza a wani lungu. In launin motar ya biyo tsumman, to babu vernis. Ga farar mota sai a yi amfani da baƙin tsumma.

Bambancin kaki da folish

Kaki ƙari yake yi, folish kuwa ragi yake yi. A cikin folish akwai gari mai laushi da ke kankare saman fenti kaɗan-kaɗan domin ƙananan ƙarce su baje. Shi ya sa mota ke fitowa tsaf bayan an yi mata shi, amma duk lokacin da aka yi, an ɗebe wani abu daga vernis wanda ba zai dawo ba. Wanda ya fi shi kaushi shi ne wanda ake rubuta wa compound, ko rénovateur, ko efface-rayures. Wannan na gyaran fentin da ya riga ya lalace ne, ba na kowane wata ba.

Akwai kuma na haɗe, wato kaki mai ɗauke da ɗan garin gogewa, wanda ake rubuta wa cleaner wax ko cire nettoyante. Yana da amfani ga motar da ta ɗan dusashe, sau biyu ko uku a shekara. Wanda ya mai da shi abin yi duk mako, musamman da injin gogewa, zai ga mota tana ƙyalli shekara guda, sannan vernis ya ƙare. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Don haka tambayar farko da mai mota zai yi wa mai wanki ko mai shago ita ce: wannan abin yana kankara ne, ko rufewa kawai yake yi?

Ire-iren kaki

Na farko shi ne na carnauba. Ana samun sa ne daga ganyen wata bishiya dangin giginya da goriba, mai suna Copernicia prunifera, wadda ke fitowa a arewa maso gabashin Brazil, musamman jihohin Piauí da Ceará. Yanki ne mai doguwar rani, kuma bishiyar tana lulluɓe ganyenta da kakin ne domin kada ruwan jikinta ya tsere. Ana sare ganyen da rani, a shanya, a bubbuge, hodar da ta zubo a narkar da ita a tace. Yana narkewa ne a digiri 82 zuwa 86 a ma'aunin Salsiyos, alhali kakin zuma na narkewa a digiri 62 zuwa 64. Tsantsarsa tana da tauri sosai, ba ta shafuwa, dole sai an haɗa ta da mai da sinadaran narkarwa. Saboda haka idan aka ga an rubuta carnauba 100% a gwangwani, ba ana nufin babu komai a ciki sai shi ba. Sheƙinsa yana da kyau, musamman a baƙar mota ko ja, amma bai cika wuce wata ɗaya zuwa uku ba, a ƙasa mai zafi kuma ya fi kusa da ɗayan.

Na biyu shi ne na roba, wanda ake haɗawa a masana'anta daga sinadaran folima da silikon. A jikinsa ana rubuta sealant ko cire synthétique. Ya fi na carnauba jure zafi da sabulu, masu yin sa kuma sukan ce yana kai wata huɗu zuwa shida.

Na uku shi ne na fesawa. Ana fesa shi a jikin mota bayan wanki, a goge nan take. Ya fi kowanne sauƙin aiki, amma kwanansa makonni ne kawai. Amfaninsa shi ne ƙarfafa wanda aka riga aka shafa.

Na huɗu shi ne wanda ake kira siramik, mai ɗauke da sinadarin silika. Iri biyu ne. Akwai na fesawa mai ɗan silika a ciki, wanda kowa zai iya yi a gida. Akwai kuma na ƙaramar kwalba, wanda ke daskarewa ya yi tauri a kan vernis, ya shekara ko fiye. Wannan na biyun yana buƙatar ɗaki rufaffe mara ƙura, da fentin da aka gyara tsaf. Idan aka yi shi a fili lokacin hazo, ƙurar za ta daskare a ciki, kuma ba ta fita sai da injin gogewa.

Sana'ar ta daɗe. Kamfanin Meguiar's na Amurka ya fara ne a 1901 da man goge kayan katako kafin ya koma kan motoci. Simoniz ya fito da kakin carnauba a birnin Shikago a 1910, Turtle Wax kuma ya biyo baya a shekarun 1940 a birnin. Abin lura shi ne yawancin waɗannan kayayyaki an tsara su ne da tunanin ƙasashe masu ƙanƙara da yawan ruwan sama, kuma wa'adin da ake rubutawa a jikinsu ba a ranar Sahel aka auna shi ba.

Abubuwa huɗu da ke cin fenti a N'Djamena

Na farko rana. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a birnin yakan haura digiri 40 a inuwa. Jikin baƙar motar da ke tsaye a fili kuwa yana iya wuce digiri 70. Wannan bai kai ya narkar da carnauba ba, amma yana sa mayukan da aka haɗa shi da su su yi laushi, su kama ƙura, su kuma ƙone da wuri.

Na biyu ƙura. A arewacin Chadi akwai kwarin Bodélé, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Gindin tsohon babban Tafkin Chadi ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, ƙasarsa kuma ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne mai ɗauke da silika. Iskar da ke ratsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ita ke kwashe ta, hunturu ya kawo ta kudu daga Disamba zuwa Fabrairu. A kan wannan kuma ga yashin titi. A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, ƙwayar yashi tana mataki na 7, ta fi gilashi tauri, balle fenti. Duk wanda ya sa busasshen tsumma ya goge mota mai ƙura, to da yashi yake gurzar ta. Waɗannan zagayayyun layuka kamar saƙar gizo da ake gani a jikin baƙar mota idan rana ta haska ta, daga nan suke zuwa.

Na uku ruwan wanki. Ruwan rijiya da na burtsatse sukan ɗauko gishirin ƙasa. Idan ɗigonsa ya bushe a kan ƙarfe mai zafi, sai ya bar farin tabo zagayayye, wanda in ya daɗe yakan ci cikin vernis. Ruwan kogin Shari ko na kududdufi kuwa yana ɗauke da laka da yashi mai laushi, sai an bar shi ya kwanta an tsiyaye na sama.

Na huɗu damina da inuwar bishiya. Ruwan birnin yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Taɓon da ya manne a ƙasan mota da cikin mazaunin taya yana riƙe danshi, tsatsa ta samu wurin zama. Wanda ya gudu daga rana ya faka ƙarƙashin dogon yaro kuma zai haɗu da kashin tsuntsaye da danƙon itace. Kashin tsuntsu a kan fenti mai zafi yana iya barin tabo cikin yini guda.

Wanki kafin kaki

Kaki ba ya gyara wankin da aka yi ba daidai ba. Idan aka shafa shi a kan datti, an rufe dattin ne a ciki, kuma wajen murzawa an ƙara ƙarce.

A fara da watsa ruwa daga sama zuwa ƙasa, ba tare da an taɓa motar ba, domin yashi ya sauka da kansa. Sannan a ajiye bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye soso. Duk lokacin da aka wanke ɓangare ɗaya, a ɗauraye soson a bokiti na biyu kafin a mai da shi cikin sabulu. A fara da rufi, a gama da ƙasan ƙofofi. Tayoyi su samu nasu soson da nasu tsumman. Duk tsumman da ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi.

A yi amfani da sabulun mota. Omo da sabulun wanke kwanuka an yi su ne domin su cire maiƙo, kaki kuwa maiƙo ne, don haka wanki biyu ko uku da su ya isa ya kwashe shi. Omo kuma idan bai narke sosai ba, ƙwayoyinsa suna gurzar fenti.

A tsane motar da tawul mai laushi, irin wanda ake kira maikirofaiba, kafin ruwan ya bushe da kansa. Bayan nan a shafa tafin hannu a hankali a kan bonet. In an ji sumul kamar gilashi, fentin ya shirya. In an ji ƙurji-ƙurji, akwai dattin da ya nutse. Ana cire shi da wani yumɓu na musamman da aka fara yi a Japan, wanda ake kira clay ko gomme de décontamination, ana jan sa a kan fentin da aka jiƙa da ruwan sabulu.

Yadda ake gwada sabon kaki

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Sheƙin ranar farko ba shaida ba ne, domin ko man gyaɗa aka shafa wa mota za ta yi ƙyalli na yini guda. Gwajin gaskiya yana ɗaukar wata ɗaya, kuma ba ya buƙatar komai sai salatif da takardar rubuta kwanan wata.

Mataki na 1: A duba gwangwanin. Shin murfinsa a liƙe yake? Akwai sunan kamfani da bayanin yadda ake amfani da shi? Idan ruwa ya ware daga kaurin kuma girgizawa ba ta haɗa su ba, ko ya bushe ya tsattsage, to zafi ya riga ya lalata shi a shago. A guji wanda aka ɗura a gorar ruwa babu suna, tun da ba a san abin da ke ciki ba. Araha ba ta ado.

Mataki na 2: A zaɓi lokaci. Da sassafe ya fi, ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa, ranar da babu iska. A ɗora bayan hannu a kan ƙarfen. In an ji zafi, a jira. Kakin da aka shafa a ƙarfe mai zafi yana ƙafewa nan take, ya bar dabbare-dabbare masu wuyar fita.

Mataki na 3: A fara da lungu. A shafa kaɗan a cikin bakin ƙofa ko ƙasan but, a goge, a duba. In launi ya biyo tsumma a motar da ba ta da vernis, to kakin yana da garin kankara. In wurin ya yi dishi-dishi ko ya yi danƙo, a tsaya nan.

Mataki na 4: A raba bonet gida uku da salatif na takarda irin na masu fenti. Gida ɗaya a shafa sabon kakin, ɗaya a shafa wanda aka saba da shi, na tsakiya a bar shi haka. Bonet ko rufi ake zaɓa saboda su rana da ƙura suka fi duka. A cire salatif ɗin da an gama, kada rana ta manne shi.

Mataki na 5: A shafa siriri. Abin da ke saura a kan fenti bai kai maikiron ɗaya ba, ko an lafta ko an shafa kaɗan, sauran duk a tsumma yake ƙarewa. A yi amfani da ɗan soso mai laushi, ana ja a miƙe, ba da ƙarfi ba. A jira gwargwadon abin da aka rubuta a gwangwanin. A busasshiyar iskar rani yakan yi saurin bushewa fiye da haka. Hanyar ganewa ita ce a ja yatsa a kai: in wurin ya fito fes, lokacin gogewa ya yi, in ya yi jirwaye, da saura. A goge da busasshen tawul mai tsabta, ana juya shi. Na roba da na siramik sukan so a hana su ruwa na wasu sa'o'i, sau da yawa 12 zuwa 24.

Mataki na 6: A ci gaba da amfani da motar yadda aka saba, ana wanke ta duk mako da sabulun mota. Bayan kowane wanki a duba abu huɗu a rubuta. Wane gida ne ruwa ke dunƙulewa ya gangara da sauri? Wanne ne ya fi tara ƙura da yamma? A wanne ne ƙurar ke sauka da watsa ruwa kawai? A wanne ne kashin tsuntsu ko tabon ruwa ya fi saurin fita?

A ranar da gidan da aka shafa ya koma daidai da na tsakiya, kakin ya ƙare, kuma an san ainihin kwanansa a unguwar da motar ke kwana. Ga mazaunin Boutalbagar, tambaya ta biyu da ta uku sun fi ta farko nauyi. Watanni bakwai ko takwas na shekara babu ruwan sama, ƙura ce abokiyar gaba. Kakin da ke sa ruwa ya yi ƙwallo-ƙwallo amma yake kama ƙura kamar an shafa man shanu, bai dace da nan ba. Ƙwallon ruwan ma yana da nasa aibin: in aka bar shi ya bushe a rana, kowane ɗigo tabo ne.

Daga nan sai lissafi. A raba kuɗin gwangwanin da yawan shafawar da zai yi, a kuma duba sau nawa za a shafa a shekara. Mai tsadar da ke kai wata huɗu yana iya fin mai arahar da ke ƙarewa cikin mako uku sauƙi.

Inda ba a shafa kaki

Kada ya taɓa baƙar robar bamba, ta madubi, ko ta bakin gilashi. Yana shiga ramukanta ya bar farin tabo. In ya taɓa, a goge nan take, in ya bushe kuma a sa tsohon burushin haƙori da ruwan sabulu. Kada a shafa shi a gilashin gaba, domin yana sa waifa ta riƙa barin jirwaye, hasken fitilun dare kuma ya tarwatse a idon direba. Kada ya kusanci birki, ko tafin taya, ko sitiyari da feda. Ga masu babur, ciki har da 'yan kilando, tanki da murfin gefe kawai ake shafawa, ban da sirdi da mariƙin hannu. Fentin da aka yi shi da gangan mara sheƙi shi ma ba a sa masa kaki na yau da kullum.

Motar da aka yi wa sabon fenti a gareji tana buƙatar wata ɗaya zuwa uku kafin a rufe ta da kaki, domin sinadaran cikin fentin su gama fita. A tambayi mai fentin. Haka kuma wanda zai kai mota fenti ya gaya masa in an saba shafa mata mai silikon, saboda in bai wanke shi sosai ba, sabon fentin zai fito da ƙananan ramuka.

Dabarun da ke cutarwa

Wasu kan zuba gazuwal ko kalanzir a ruwan wanki domin mota ta yi sheƙi. Sheƙin maiƙo ne, yana kwashe kakin da ke kai, ya kama ƙura, ya kuma lalata robobi a hankali. Kalanzir kaɗan a tsumma yana cire kwaltar da ta fantsamu, amma sai a wanke wurin a sake shafa kaki. Wasu kuma kan shafa wa taya man birki ko baƙin mai. Man birki yana cin fenti, kuma da mota ta tashi zai fantsama a ƙofofi. Rigar mota ko tamfol tana kare rana, amma in aka rufa ta a kan mota mai ƙura, iska tana kaɗa ta dare guda, aikin busasshen tsumma za ta yi.

Yawancin kakin yana ɗauke da sinadaran da aka samo daga man fetur. A nisanta shi da wuta, a yi aikin inda iska ke shiga, a ajiye shi inda yara ba za su kai ba. Kada a bar shi cikin but da bazara. Masu wanki da ke taɓa shi kullum su sa safar hannu.

Jadawalin shekara

Oktoba zuwa Nuwamba: wannan ne lokacin babban aiki. Ruwa ya ɗauke, hazo bai sauka ba. A wanke ƙasan mota sosai, a cire dattin da ya nutse, a yi folish in akwai buƙata, sannan a shafa kaki mai daɗewa.

Disamba zuwa Fabrairu: a hana kowa goge motar a bushe, har da yaran gida da masu gadi da ke yi don kyautatawa. In ruwa ya yi ƙaranci, a wanke gilasai da fitilu kawai, a bar jikin da ƙurarsa har ranar wanki. Ƙurar da ke kwance ba ta ƙarce fenti sai an ja ta.

Maris zuwa Mayu: a sake shafawa, kuma na roba ya fi dacewa da wannan zafi. A nemi rumfa, ko ta zana ce.

Yuni zuwa Satumba: a ɗauraye taɓo kafin ya bushe, a mai da hankali ga ƙasan mota da mazaunin taya, inda kaki ba ya zuwa. Na fesawa bayan wanki ya wadatar.

Abin da kaki ba zai yi ba

Kaki ba ya cike ƙarcen da farce ke maƙalewa a ciki, ɓoye shi kawai yake yi na ɗan lokaci. Ba ya hana tsakuwa fasa fenti, ba ya tsayar da tsatsar da ta riga ta kama, kuma kariyar da yake bayarwa daga hasken UV kaɗan ce idan aka kwatanta da ta vernis ko ta inuwa. Aikinsa shi ne ya karɓi dukan da fenti zai sha, ya ƙare, a sake shafa wani.

Wannan ya shafi mai sayen mota ma. Yawancin motocin da ke yawo a yankin na hannu ne, waɗanda suka shigo ta tashoshin ruwa irin su Kwatano da Duwala, kuma fenti na cikin abin da ake fara dubawa wajen ciniki. Motar da aka shafa wa kaki mai maiƙo da safe tana iya ɓoye ƙarce da dusashewa har zuwa wanki na biyu ko na uku. Mai saye ya duba ta a rana tsaka, ya karkata kai ya kalli bonet da rufi daga gefe, in da hali kuma ya nemi a wanke ta da sabulu a gabansa.

Ga mai wurin wanki kuwa, gwajin kariya ne gare shi. Kafin ya shafa wa motar wani sabon abu, ya gwada a lungu, ya zagaya motar tare da mai ita su ga tabon da ke akwai tun farko, ya kuma nuna masa gwangwanin. Kuɗin sake fentin bonet ɗaya ya ninka kuɗin wanki sau da yawa, kuma in rigima ta tashi, yaron da ya riƙe tsumman ake fara tuhuma.